Amsoshin Tambayoyinku: Ido Ba Ya Ciwo, Amma An Ce Ya Tsage

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Taura, jihar Jigawa. Mahaifina manomi ne, shekarunsa 63. Yau kwana takwas ke nan da ya fara cewa yana ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a idonsa na dama, wani lokaci kamar ƙudaje, wani lokaci kamar an watsa toka. Da daddare kuma idan ya juya kai sai ya ga haske ya gilma ta gefe kamar walƙiya, alhali babu hadari. Idon ba ya ciwo, bai yi ja ba, ba ya hawaye. Mun sayo maganin ɗigawa a kemis, babu canji. Wata ma'aikaciyar jinya da ke duba ido ta ce tana zargin tantanin bayan idon ne ya tsage, mu hanzarta zuwa Kano. Baba ya ce shi babu abin da ya buge shi, ga kuma riɗi ya isa yanka, a bari sai an gama kaka. Don Allah mece ce wannan tsagewa, me ke kawo ta, kuma za mu iya jira?

Amsa: Malam, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri da kake tsaye a kansa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ba ta ɗaukar jinkiri. Kada ku jira kaka. Kada ku jira ranar kasuwar Gujungu a sayar da akuya, kada ku jira albashin ƙarshen wata. In da hali, gobe da sassafe ku kama hanya. Ma'aikaciyar jinyar nan ta san aikinta, kuma kwana takwas ɗin da aka riga aka yi sun isa haka.

Na fahimci damuwar Baba. Duk wanda ya taɓa noman riɗi ya san in ya nuna aka bar shi, kwanson fashewa yake yi, 'ya'yan su zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Abin da ke idonsa ma haka yake da lokaci. Bambancin kawai shi ne riɗi ana iya sa yara da maƙwabta su yanka, ido kuwa babu mai zuwa asibiti a madadin mai shi. Amma na san dattijo ba ya barin gonarsa don kawai an ce masa likita ya ce. Sai ya gane dalili. To bari in warware maka yadda za ka zauna ka yi masa bayani.

Ka ɗauki ƙwayar ido kamar ɗan ƙaramin tulu, tsawonsa daga gaba zuwa baya kimanin milimita 24. Haske yana shiga ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya ratsa wani ɗan gilashi na halitta da ke bayanta, wanda idan ya dushe ne muke cewa mutum ya yi yana, sannan ya wuce ya sauka a bangon baya. A jikin wannan bango, daga ciki, akwai wani tantani a shimfiɗe kamar yaɓe, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Likitoci suna ce masa retina, Larabawa kuma shabakiyya, daga kalmarsu ta raga. Shi ne ainihin mai gani. A jikinsa akwai ƙwayoyin halitta wajen miliyan 100 masu karɓar haske, su mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ake kira makula. Da shi ake karatun Alƙur'ani, da shi ake zura zare a allura, da shi kaka ke gane fuskar jikansa daga nesa. Sauran tantanin kuwa shi ke ba mu ganin gefe, wanda ke sa mutum ya kauce wa babur tun bai waiwaya ba.

Cikin tulun ba fanko ba ne. Kusan kashi huɗu cikin biyar nasa cike yake da wani ruwa mai yauƙi, garau kamar farin ɗanyen ƙwai. A ƙuruciya yana da kauri, yana manne da tantanin. Da shekaru suka ja sai ya fara tsinkewa kamar kunun da ya kwana, ya tsuke, ya janye daga bango. Wannan yakan faru ga yawancin mutane bayan shekara 50 ko 60, kuma shi a kan kansa ba cuta ba ce, ɗan'uwan furfura ne. Zare-zaren da suka dunƙule a cikin ruwan su ne ke jefa inuwa a kan tantani, mutum ya riƙa ganin ƙudaje ko yanar gizo, in ya kai ido gare su su gudu. Walƙiyar kuma daga jan da ruwan ke yi wa tantanin take. Shi tantanin nan harshe ɗaya ya iya, wato haske. Ko ja aka yi masa, ko matsa shi aka yi, abin da zai gaya wa ƙwaƙwalwa shi ne ya ga haske. Shi ya sa wanda aka kwaɗa wa mari yake cewa ya ga wuta.

Ga yawancin mutane rabuwar nan salin-alin take ƙarewa. Amma ka tuna fiɗar rago ranar layya. Fata takan rabu da nama cikin sauƙi, sai a zo wani wuri inda ta kama, in aka ja da ƙarfi ta huje. Haka ruwan nan yake yi. Akwai inda ya manne da tantani sosai, musamman can gefe-gefe da kuma kan jijiyoyin jini, yana janyewa sai ya yago shi. To ka ga amsar maganar Baba ke nan: ba sai an buge ido yake tsagewa ba, daga ciki ake jan sa. In yagewar ta bi ta kan jijiya, jini yakan zuba cikin ruwan, mutum ya ga kamar an watsa toka ko hayaƙi ya taso. Wannan kalma ta toka da ke cikin wasiƙarka ita ta fi tayar mini da hankali. Cikin mutum 100 da suka je asibiti da sababbin ƙudaje da walƙiya, ana samun tsagewa a idon kimanin 10 zuwa 15. Idan kuwa aka ga jini a cikin ruwan, lissafin yakan haura rabi.

Abin da ya fi komai haɗari a wannan lalura shi ne shirunta. Tantanin ba shi da jijiyar jin zafi ko ɗaya. Zai tsage, zai ɓamɓare gaba ɗaya, mai shi bai ji ko ƙaiƙayi ba, idon kuma fari tas ga mai kallo daga waje. Mu kuwa da zafi muke auna ciwo. Afolo, mai jan ido da kwantsa da hana barci, shi ke sa mu gudu neman magani, alhali yawanci da kansa yake warkewa cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan da ke iya ɗauke gani har abada kuwa, sai a ce gajiya ce, ko jiri, ko hawan jini, ko a ce iska ce ta shafi mutum. Addu'a da tofi babu mai hana su, a yi su a cikin mota ana tafiya. Amma maganin ɗigawa, ko na kemis ko na gida, ba ya ɗinke abin da ya yage a bayan ido. Zuma, nonon mai shayarwa, ruwan albasa, kwalli, duk a farfajiyar ido suke tsayawa, wasunsu ma su ƙara wani ciwon. Wasu magungunan ɗigawa da ake sayarwa barkatai don kashe jan ido, in aka daɗe a kansu, suna haddasa hawan jinin ido da yana. Ku ajiye wanda kuka saya, ku tafi da kwalbar likita ya gani.

Me ya sa ake gaggawa, tunda tsagewar 'yar ƙarama ce? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan nan da ya tsinke yana bi ta tsagar ya shiga bayan tantani, kamar yadda ruwan damina ke shiga bayan yaɓe ya ɗago shi falle guda. Ƙwayoyin da ke karɓar haske kuwa daga bangon da ke ƙarƙashinsu suke samun abinci da iska. Da zarar an raba su da shi sai su fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. A nan ne mutum ke fara ganin inuwa tana shigowa daga gefe guda, kamar ana jan labule. Hoton da ke sauka a bayan ido a kife yake, saboda haka inuwar da ta taso daga ƙasa tana nuna saman tantanin ne ya ɗago, kuma irin wannan ta fi saurin yaɗuwa, don ruwa gangarowa yake yi. Wani cikin kwana biyu ko uku labulen ke rufe idon, wani ya ɗauki makonni. Babu mai iya ce maka ga ajin da Baba yake ciki sai an leƙa.

Tsagewar da ta zo da alamu irin na Baba, in aka bar ta, tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 takan kai ga ɓamɓarewa. In aka tare ta da wuri, haɗarin yana sauka ƙasa da kashi 5. Wannan ratar ita ce duk abin da nake so ka riƙe a wannan amsa.

Ga abin da za ku tarar a asibiti. Za a gwada ƙarfin ganinsa da allon haruffa ko alamomi, a auna matsin idon. Sannan a ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙofar baƙin ido, a jira minti 20 zuwa 30. Likita zai ɗaura wata fitila a goshi, ya riƙe gilashi a hannu, ya duba tantanin har ƙarshensa, yana cewa Baba ya kalli sama, ƙasa, dama, hagu. Wani lokaci yakan ɗan danna fatar ido da wani siririn ƙarfe don gefen da ya ɓuya ya fito fili. Ba daɗi, amma ba ya cutarwa. In jini ko yana ya tare hanya, sai a yi hoton ido da na'ura irin wadda ake duba masu juna biyu. Ka lura da wannan da kyau: duban da aka yi da tocila, ko gwajin tabarau, ko leƙen da aka yi ba tare da an ɗiga maganin buɗewa ba, ba ya kore tsagewa. Ka buɗe baki ka ce kuna so a buɗe ido a duba bayansa, duka biyun.

In tsagewa ce kawai, ruwa bai shiga ba, aikin ɗan kaɗan ne. A zaune ake yin sa, da maganin kashe zafi na ɗigawa, yawanci cikin minti 10 zuwa 20. Likita zai harba hasken leza ya kewaye tsagar da ɗigo-ɗigo layi biyu ko uku, kamar mai walda yana kama bakin ƙarfe. Ɗigon nan ƙuna ce 'yar mitsitsiya, tana warkewa ta bar tabo, tabon ya manne tantani da bango ya hana ruwa wucewa. In leza ba ta iya kaiwa wurin, sai a daskarar da shi daga waje da bakin wani ƙarfe mai tsananin sanyi, sakamakon ɗaya ne. A ranar ake komawa gida. Mannewar takan yi ƙarfi ne bayan kwana 10 zuwa 14, saboda haka a wannan tsakanin ba sassabe, ba ɗaukar buhu, ba sussuka, ba doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada. Ka kuma gaya wa Baba tun yanzu cewa leza ba ta kashe ƙudajen da yake gani. Suna nan, sai a hankali su kwanta ko ƙwaƙwalwa ta saba da su. Da yawa sukan ce aikin bai ci ba don har yanzu suna ganinsu, su ƙi komawa ranar da aka ba su. Komawar tana da muhimmanci, domin kimanin mutum 1 cikin 10 yakan sake samun wata tsagar a wani gefen.

Wannan sauƙi da muke magana a kansa bai daɗe a duniya ba. Shekara 100 da 'yan kai da suka wuce, wanda tantaninsa ya ɓamɓare makaho ne kawai, ko a Turai. Likitoci suna ganin tsagar amma suna ɗauka ɓamɓarewar ce ta haife ta. Wani likita a garin Lozan na ƙasar Suwizalan, Jules Gonin, shi ya dage cewa tsagar ce uwa, kuma in aka toshe ta tantanin zai kwanta. Da ƙarfe mai zafi yake toshewa. Ya shafe shekaru ana musu da shi, sai a babban taron likitocin ido na duniya da aka yi a Amstadam a 1929 aka sallama masa, bayan ya nuna yana ceto kimanin rabin idanun da a da aka fid da rai da su. Asibitin ido na Lozan yana ɗauke da sunansa har yau. Bayansa wani Bajamushe, Gerd Meyer-Schwickerath, ya lura da tabon da kallon husufin rana na 1945 ya bari a idanun mutane, ya ce in hasken rana zai iya ƙona tantani bisa kuskure, to za a iya sarrafa shi ya yi ƙunar da ake so. A 1949 ya yi aikin farko a Hambug da hasken rana da ya tattaro ta madubai daga rufin asibiti. Daga nan aka koma fitila, daga fitila aka zo leza. Ina son wannan tarihi don yana nuna cewa abin da za a yi wa Baba cikin kwata ɗaya na awa, mutane sun ƙarar da rayuwarsu kafin a kai gare shi.

In kuwa an tarar ruwa ya riga ya shiga, magana ta koma tiyata. Akwai ɗaura wa ƙwayar ido ɗamarar roba mai laushi daga waje don bango ya matso ya sadu da tantani. Akwai shiga cikin idon da ƙananan kayan aiki a zuƙe ruwan yauƙin, a kwantar da tantani, a yi leza, a cika idon da iskar gas ko man silikon ya danne shi har ya kama, ita dabarar zuƙe ruwan kuwa Robert Machemer ne ya fara ta a Amurka a 1970. Cikin ido 10, kimanin 8 zuwa 9 sukan kwanta da aiki ɗaya, wasu sai an sake. Amma kwanciyar tantani daban, dawowar gani daban. In ba a taɓa makula ba, ana ƙoƙarin yin aikin cikin kwana ɗaya, kuma gani yakan tsira. In ta ɗago, kowace rana tana rage abin da za a samu. In aka yi watanni, tantanin yakan tattare ya taurare kamar busasshiyar fata, aikin ya yi wuya, amfaninsa ya ragu. Ga tsadar tiyata da ta ninka ta leza nesa ba kusa ba, ga kwanciya rub da ciki ko ta gefe guda na kwanaki, ga zarya. Wanda aka sa wa gas kuma ba ya hawa jirgin sama sai gas ɗin ya ƙare, mako 2 zuwa 8 gwargwadon irinsa, domin a sama kumbura yake yi ya toshe jinin ido. Mai niyyar Umra ko Hajji ya faɗa wa likitansa tun kafin aiki. Batun sujada kuma, likita zai faɗi yadda za a riƙe kai, malamai kuma sun yi bayanin sallar mara lafiya da nuni.

Su wa abin ya fi samu? Masu shekaru, kamar yadda na ce. Sai waɗanda ba sa ganin nesa sai da tabarau mai kauri, don ƙwayar idonsu ta fi tsawo, tantanin ya miƙe ya yi siriri, kuma su tun da ƙuruciya yake iya samunsu. Sai wanda aka yi wa aikin yana, ko da aikin ya yi kyau, haɗarinsa yakan ɗan ƙaru. Sai wanda mahaifi ko ɗan'uwa ya taɓa yi, da wanda ya taɓa yi a ido ɗaya. Masu ciwon suga da masu amosanin jini suna da tasu hanyar daban, inda sababbin jijiyoyi marasa ƙwari ke tsirowa su ja tantanin, shi ya sa ake so a riƙa duba bayan idonsu duk shekara ko ba sa jin komai.

Sai buguwa, wadda a karkara ba ta da iyaka: kara ya soki ido a gona, sa ya kai ƙaho, robar ɗaure kaya a babur ta kuɓuce, harbin danƙo na yara, bulala a makaranta, ƙwallo, dambe. Abin da mutane ba su sani ba shi ne buguwar yau tana iya fitar da illarta bayan watanni, har mai ita ya manta. A Agustan 2021 ɗan damben Amurka Errol Spence yana shirin karawa da Manny Pacquiao, saura kwanaki kaɗan, likitoci suka gano tsagewa a tantanin idonsa na hagu wajen binciken kafin wasa. Ya janye, ya bar miliyoyin daloli, aka yi masa aiki, ya dawo fage a Afrilun 2022 ya ci wasansa. Gordon Brown kuma, wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 2007 zuwa 2010, yana ɗan shekara 16 aka shure shi a wasa, tantanin idonsa na hagu ya ɓamɓare, idon ya tafi. Da ya ga irin alamun sun fara a na dama bai tsaya ba, aka ceto shi, da shi ya yi duk karatunsa da mulkinsa. 'Yan dambenmu na gargajiya, da ake kai wa naushi da hannu naɗe da igiya, wa ke duba bayan idonsu? Wannan abu ne da masu shirya wasa ya kamata su ɗauka da gaske.

Akwai wani abu da dole in ambata don ya shafi yankinmu ƙwarai. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna cewa suna cire yana da tsinke ko allura, ba cire ta suke yi ba, tura gilashin idon suke yi ya faɗa cikin ruwan yauƙin da na bayyana maka. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 irin wannan turawar aka yi musu, mafi yawansu kuma ba su tsira da gani ba. Gilashin da aka tura yana iya jawo kumburi, da hawan jinin ido, da yagewar tantani. In wani ya zo ya ce Baba yana ce ke damunsa, zai gyara a zaure, ku sallame shi da girma.

Ba kowane ƙuda ne abin tsoro ba, kada kowa ya firgita. Ɗan zare ɗaya ko biyu da mutum ya shekara yana gani idan ya kalli sararin sama ko farin bango, bai ƙaru ba, bai canza ba, yawanci ba komai ba ne. Haske mai karkace-karkace da ke rawa a ido biyu na minti 20 ko 30, ya wuce, ciwon ɓarin kai ya biyo baya, wannan daga ƙwaƙwalwa yake. Yana kuwa a hankali take zuwa, kamar hazo, cikin watanni ko shekaru. Abin da ke sa a tashi tsaye shi ne sabon abu, a ido ɗaya, farat ɗaya: ƙudaje da yawa, toka ko hayaƙi, walƙiya ta gefe, ko inuwa. Matsalar ita ce ido mai lafiya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mata da yawa wajen sa kwalli suke ganowa ɗaya ba ya gani, maza kuma wajen wanke fuska a alwala. Rufe ido ɗaya da tafin hannu a kalli ƙofar ɗaki, a sake rufe ɗayan, ba ya cin minti guda, kuma duk wanda ya haura 50 ya kamata ya saba da shi.

Ina maganar nan da zafi don na gani a gidanmu. Kawuna tela ne, ya fara ganin labule a ido ɗaya, aka ce masa yana ce, ya jira masu aikin ido kyauta. Ya jira wata huɗu. Da suka zo suka duba, suka ce wannan ba yana ba ce, suka rubuta masa takarda zuwa babban asibiti. Aka yi aiki, tantanin ya kwanta, amma abin da ya dawo bai wuce ganin giccin mutum ba. Har ya bar ɗinki bai ƙara zura allura da idon nan ba. Aikin ido kyauta alheri ne babba, ya buɗe idon dubban masu yana, amma yana tana iya jiran wata huɗu, tsagewar tantani ba ta iyawa.

Ina za ku nufa? A jiharku akwai sashen ido a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Amma tunda wadda ta duba shi ta ce Kano, kuma daga Taura hanya miƙaƙƙiya ce ta Ringim da Gezawa har Yankaba, ni ma Kano zan ce. A can akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, da asibitin ido na Makka. Gaba kuma akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, inda ake tura manyan ayyukan bayan ido. Likitocin da suka ƙware a kan tantani ba su da yawa a ƙasar nan, kuma ba kullum ake samunsu a wuri ɗaya ba. Saboda haka tun wajen yankar kati ka faɗi alamun da kwanakinsu, ka nuna takardar ma'aikaciyar jinyar in ta rubuta, ka ce ana zargin tsagewar retina, don kada a ba ku ranar dawowa bayan wata guda kamar masu neman tabarau. In suka duba suka ce ba su da leza a ranar, ka nemi su gaya maka inda take, su rubuta maka takarda, ku wuce.

Ku tafi da magungunan da yake sha, musamman na hawan jini, na suga, da masu tsinka jini irin su asfirin. Kada ya je shi kaɗai, don maganin buɗe ido yana dusashe gani na awa huɗu zuwa shida, rana kuma ta riƙa kashe masa ido, sai a tanadi baƙin tabarau. Ku yi shirin kwana ko da ba za a kwana ba. In Allah Ya sa aka duba ba a ga tsagewa ba, mun gode Masa, amma za a ce ku dawo bayan 'yan makonni, domin wasu ƙalilan a cikin makonni shida na farko take fitowa. Kada ku ɗauki wannan tafiya asara.

Yau da daddare, Malam, ka zauna da Baba ka sa ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kalli fuskarka, ka kaɗa yatsunka sama, ƙasa, dama da hagu, ka tambaye shi ko akwai inda suka ɓace masa. In akwai, ka faɗa wa likita da bakinka tun kafin ku zauna. In babu, tafiyar gobe tana nan daram. Ka raba wa ƙannenka aikin riɗin tun yau, ka nemi motar farko, kuma idan kun dawo ka rubuto mana abin da aka gani.